Hajiya Taslima Ba Ta Taɓa Cin Gwanjo Ba

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan'uwa. Sau huɗu ina fara rubutun nan ina gogewa, don duk yadda na juya shi ba na fitowa da kyau a ciki. To bari in faɗe shi yadda ya faru kawai.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Munawara. Asalinmu Salaga ne, a can aka haifi Baba da kakana, amma ni a zangon Yendi na tashi. Baba ya rasu shekara uku ke nan, ya bar ni da Mma a gida mai ɗaki uku da bishiyar darbejiya a tsakiya. Sana'ata gwanjon batakari, rigunan saƙi na maza, a waya. Ina karɓo riguna wajen masaƙa da maɗinka, in shimfiɗa farin zanen gado a tsakar gida inda rana ke sauka, in ɗauki hoton kowace gaba da baya har cikin aljihu. Idan akwai zaren da ya tsinke sai in sa yatsa a wurin in ɗauka. Ranar Asabar bayan azahar nake sa su a gurup ɗina na Wasap, mutum ɗari huɗu da talatin. Kowa ya rubuta tayinsa. Ƙarfe biyar daidai in rubuta NA SALLAMA. Wanda tayinsa ya fi kafin wannan kalma shi ya ci, ya turo kuɗi ta waya, wato momo, in kai kaya tasha.

A cikin mutum ɗari huɗu da talatin ɗin nan, mace ɗaya ce ke sa ni ciwon kai: Anti Abibata. Tana sayar da wake da shinkafa a tashar Salaga. Ban taɓa ganin ta ido da ido ba a lokacin, amma na san muryarta fiye da ta wasu dangina, domin ba ta rubutu, voyis take yi, kowane minti uku, huɗu. Hausarta irin ta tasha ce, kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji.

Idan ta ci kaya, nan aikina ke farawa.

"Kai yarinya, wannan kala ba shi ne na gani a hoto ba. Rage min ɗari."

"Anti, a rana na ɗauka, ke kuma a ɗaki kike dubawa. Fita waje ki gani."

"To kuɗin mota fa? Ni zan biya direba kuma? Kai ba ka da tausayi paa."

Ta taɓa riƙe riga sati biyu, ta dawo da ita da ƙamshin hayaƙi, wai ba a sa ba. Na karɓa, na mayar mata da kuɗinta, na sayar da rigar a rahusa tare da faɗa wa mutane an taɓa sa ta. Mma ta ce in cire matar daga gurup. Ban cire ba. Duk masifarta, ba ta taɓa cin sidi ɗaya nawa ba. Sai ta gama zagi sannan ta biya cif.

Sai kuma Nasrullah. Na san wasunku shi kuke jira.

Ɗan Bawku ne, suna kasuwancin masara da wake shi da babansa. Idan ya zo cin kasuwar Gushegu sai ya ƙaraso Yendi ya gan ni. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum cikin jallabiya mai ruwan toka da agogon da ya yi masa yawa a hannu. Bai taɓa zuwa hannu sake ba: zabi biyu, ko albasa a buhun leda, ko turaren da Mma ke so. Shi ya fara ce min Muna. Shekara ɗaya da rabi muna tare, kuma an sa rana, a lokacin saura sati biyu mutanensa su kawo goro.

Tun da aka sa ranar Mma ta daina barci mai kyau. Ɗakinta ya cika da kwanukan silba, kuloli manya da ƙanana, labule har kala uku, duk an jera a bango an rufe da tsohon zane.

"Mutanen nan masu kuɗi ne," haka take ce min tana goge murfin tukunya da gefen ɗankwalinta. "Ba za su shigo su ga 'yar marigayi da kwano huɗu ba. Ba zan yarda a ce don ubanki ba ya raye."

Duk ribar da na samu ita nake miƙa wa. Kuma gaskiya watannin nan kasuwa ta yi kyau, har ina mamaki.

Wata huɗu da suka wuce wata lamba ta shigo gurup. Sunan da ke kai: Hajiya Taslima, Pusiga. Babu hoton fuska, fure ne kawai. Ba ta gaisuwa, ba ta tambayar tsawo ko faɗi. Sai ya rage minti goma a rufe take bayyana, ta ɗora ɗari a kan tayin wani, a ɗora mata, ta sake ɗorawa, daga nan ta yi shiru. Ba ta taɓa ci ba ko sau ɗaya. Ni da wautata tausayinta nake ji. Har saƙo na tura mata ni da ita:

"Hajiya, kullum ana rigan ki. In kina so in ajiye miki ɗaya a gefe."

Ta amsa: "Ba komai 'yata. Allah ya kai mu wani satin."

'Yata. Har yanzu ban manta kalmar nan ba.

Asabar ɗin da ta wuce, da yake bikin Damba ya kusa, na fito da babbar riga. Saƙar Daboya ce, shuɗi mai duhu da farin layi siriri, mai hannu, an yi mata aiki a wuya da jan zare. In ka ɗaga ta sai ka ji nauyinta a kafaɗa. Na fara da sidi ɗari takwas. Mutane suka yi ta tayi har dubu da ɗari uku, nan kowa ya janye, ya rage Anti Abibata. Na riga na fara rubuta NA SALLAMA ina jiran agogo, sai ga fure.

Taslima: 1400.
Abibata: 1450.
Taslima: 1600.

Voyis ya shigo, ana jin ƙarar motoci a bayansa. "Wannan Taslima wane ne? Kai bar min riga na!" Ta rubuta 1700. Taslima ta ce 1850. Kusan minti biyu na ga Anti Abibata tana rubutu tana gogewa. Ƙarfe biyar saura daƙiƙu ta sa 2100.

Na sallama. Na yi tsalle na shiga kicin na faɗa wa Mma, har da rawa. Ta ce Alhamdulillahi, ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Kuɗi ya shigo a ranar, riga ta tafi Lahadi. Litinin da safe ina shan koko wayata ta fara kuka ba tsayawa. Anti Abibata ta sa voyis na minti shida a cikin gurup, ba a gefe ba.

"Jama'a ku buɗe ido. Na zauna na duba tun wata huɗu. Wannan Taslima bai taɓa saya komai ba, ko hula. Sai ya zo ya tura kuɗi sama ya gudu. Munawara ne ya sa shi! Ɓarawo ne yarinyan nan, fuska kamar malama!"

Na ajiye kofin. Mutane suka fara sa alamar ido, wasu suna tambaya. Shekara uku ina gina sunan nan. Raina ya ɓaci irin wanda ban taɓa ji ba, na danna na yi magana da muryata:

"Wallahi tallahi, na rantse da Allahn da zai ɗauki raina, babu wani nawa da ke tayi a gurup ɗin nan. Ban san Hajiya Taslima ba sai a nan. Anti Abibata, na daɗe ina haƙuri da ke. Ki ji tsoron Allah, ƙarya kike min."

Aka yi ta ba ni haƙuri. Wasu suka far mata, wani ma ya ce mai wake da shinkafa me ta sani a batakari. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye muku ba. Ita kuwa ta toshe lambata.

Talata da yamma Nasrullah ya zo daga Gushegu. Na sa doguwar riga mai ruwan kunkumadi da mayafi fari, na shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin darbejiya, na kawo sobolo, wato zoɓo, mai sanyi da ƙosai. Ya ajiye wayarsa a gefen tire, fuskarta sama, yana ba ni labarin yadda farashin wake ya faɗi. Ban iya sauraro ba.

"Muna, lafiya? Idonki ya faɗa."

Na ba shi labari duka. Ya yi dariya kaɗan.

"Ki share ta. Ai kowa ya goyi bayanki."

"A'a. So nake Hajiya Taslima ta yi voyis da bakinta, kowa ya ji mutum ce. Na tura mata saƙo tun jiya ba ta buɗe ba. Bari in kira ta kai tsaye."

"Bar shi mana. Dattijuwa ce, kada ki dame ta."

"Ta yaya ka san dattijuwa ce?"

"Ai... Hajiya kika ce."

Na riga na danna. Na kara a kunne ina kallon ƙasa. Sai tire ya fara rawa, kofuna suna ƙara. Wayarsa ce. Ta yi haske, kuma ga abin da ke rubuce a kai da manyan baƙaƙe: MUNA TAWA.

Na kashe. Ta yi shiru. Na sake kira, don zuciyata ta ƙi yarda. Ta sake haske.

Wata kaza ta zo ta tsinci ƙosai a gabanmu, babu wanda ya kore ta.

"Layi biyu ne a wayar," ya ce a hankali, kamar wannan ne abin da nake tambaya.

"Kai ne ka ce min 'yata?"

"Muna, saurare ni. Ban ci ko sidi ɗaya ba, duk hannunki ya shiga. Kowa na yin haka. A kasuwar shanu ma ana yi, mutum ya tsaya a gefe ya taya wa ɗan'uwansa. Na tilasta wa wani ya ƙara? Da hannunsu suka rubuta."

"Sun rubuta ne don sun zaci akwai mai saye."

"Rigunanki sun fi abin da ake biya. Arha kike zubarwa."

"Na rantse, Nasrullah." Muryata ta fita kamar ba tawa ba. "Jiya na rantse da Allah a gaban mutum ɗari huɗu. Kana ciki. Ka ji ni ina rantsuwa, ka yi shiru."

Nan ya sunkuyar da kai. Ya juya agogonsa sau biyu a hannu.

"Ba ki sani ba lokacin, babu laifi a kanki. Yanzu zan fitar da lambar, shi ke nan, magana ta mutu. Don Allah kada ki ɗaga ta. Saura kwana goma sha ɗaya."

Na tashi na kwashe tiren, sobolonsa ko rabi bai sha ba. Ya kira sunana sau uku ban juyo ba. Daga kicin na ji ya yi sallama da Mma ta taga, na ji ƙarar yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, ta ɗauke shi.

Mma tana tsince shinkafa a faranti. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai ina kuka. Na zaci za ta saki farantin. Ko kai ba ta ɗago ba.

"To sai me?"

"Mma?"

"Na ce sai me. Yaro ya ga kina wahala ya taimake ki. Wata ma addu'a take yi ta samu irinsa."

"Haramun ne, Mma. Tun a islamiyya aka koya mana, ba a taya kaya in ba saye za a yi ba. Kuɗin mutane ne. Sai na mayar."

Sai a lokacin ta kalle ni. "Ki mayar da me? Kuɗin yana can ɗaki, ya zama tukunya, ya zama labule. Ki je ki ce wa mai shago ya karɓa?" Ta ture farantin. "Munawara, ki saurare ni da kyau. In kika buɗe baki, ba ke kaɗai za ki ji kunya ba. Za ki kunyata namiji a gaban ubansa. Babu namijin da ke manta wannan. Shekarunki ashirin da shida. Duk ƙawayenki suna goyo. Ina fita unguwa ana tambaya ta, ina cewa an kusa. Saboda wata mai bakin tsiya a tashar Salaga za ki watsa komai?"

"Na ce mata maƙaryaciya. Gaskiya ta faɗa."

"Ta sha zagin ki."

"Amma wannan karon gaskiya ta faɗa."

Mma ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Laraba ban fita ba. Na zauna a bakin gado na bi gurup baya har ranar da furen nan ya fara bayyana. Riga goma sha bakwai ya sa hannu a ciki, mutum goma sha ɗaya suka biya fiye da yadda ya kamata. A kowace na duba inda masu saye na gaskiya suka tsaya kafin ya shigo. Abin da ya hau kai ya kusa cinye jarin da na ware don masaƙa. Nasrullah ya yi ta turo saƙo.

"Muna kin ci abinci?"
"Na fita daga gurup ɗin. Kin gani?"
"Don darajar Annabi ki yi shiru har a kawo goro. Bayan nan duk abin da kike so zan yi."

Wallahi na so in yi shirun. Na kwanta ina tunanin ɗakin da ya ce ya yi wa fenti mai ruwan madara saboda ni. Na ce a raina, in bari sai bayan biki in riƙa mayar wa mutane kaɗan-kaɗan, in ce rangwame ne. Babu wanda zai sani. Amma na tashi yin la'asar, na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai na ji muryata tana cewa wallahi tallahi. Na kasa. Na tsaya a kan sallaya kamar an dasa ni.

Alhamis da asuba na ɗauki motar Bimbilla, daga can na shiga ta Salaga. Mma ba ta amsa sallamata ba. Baƙin hijabi na sa, kuɗin Anti Abibata a cikin ambulan a jakata. Da momo zan iya turawa, amma na ga wadda na ƙaryata a bainar jama'a ta cancanci in tsaya a gabanta.

Hanya ta jijjiga mu har na ji ƙugu kamar ba nawa ba. Rabona da Salaga tun ta'aziyyar wata gwaggona. Ban nemi dangi ba. A tasha na tambayi mai wake da shinkafa Abibata, aka nuna min wata rumfar kwano a bayan inda motocin Tamale ke lodi.

Ban zaci haka take ba. Gajeriya ce, siririya, da tsohon atamfa da ɗankwali ɗaure tamau, hannunta duk tabon ƙuna. Tana zuba wa direbobi abinci a ganye tana faɗa da su a kan canji. A gefenta wani dattijo na zaune a kujerar roba, tawul a kafaɗa, hannunsa na dama a kwance kan cinya ba ya motsi, bakinsa ya ɗan karkace.

"Na nawa?" ta ce ba ta kalle ni ba.

"Anti, ni ce Munawara."

Ludayi ya tsaya a iska. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai zo da 'yan sanda ne?"

"A'a. Na zo in ce gaskiya kika faɗa. Babu wata Taslima. Wani na kusa da ni ne ya yi, ban sani ba sai shekaranjiya. Ki yafe min abin da na ce miki."

Na zaci za ta sassauta. Ina! Ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Jama'a ku zo ku gani! Ga ɓarawon Yendi ya kawo kansa! Shi ne ya rantse da Allah! Shi ne ya sa aka ce min mai wake bai san riga ba!"

Direbobi suka juyo da ganye a hannu. Masu talla suka matso. Wata mata ta ɗaga waya tana ɗauka ta. Na tsaya, gumi na bin bayana a cikin hijabi.

"Ka san wa na saya wa riga?" Ta nuna dattijon da ludayi. "Miji na ne, Malam Sulley. Shekara talatin yana koyar da yara, yau ko cokali bai iya riƙe. Ɗiyanmu zai yi aure wata mai zuwa. Na ce ko ɗauke shi za a yi a kujera, sai ya zauna gaban mutane da riga mai kyau. Adashi na na kwashe duka. Kuɗin magani na taɓa. Kai kuma kana can kana dariya!"

Rawar da na yi a kicin ta dawo min. Na ji kamar in nutse.

Na fito da ambulan. "Tayinki na gaskiya dubu da ɗari uku ne. Ga ɗari takwas ɗin da ya hau."

Ta fizge, ta duba ciki, ta jefa min a ƙirji.

"Ɗari takwas? Kawo dubu biyu da ɗari ɗaya duka. Riga kuma na riƙe. Kuɗin zagi ne. In ba haka ba, kowa a Ghana sai ya ga fuskan ka."

Na sunkuya na ɗauki ambulan daga ƙasa na kakkaɓe. Na san wannan muryar, shekara biyu ina fama da ita.

"Anti, abu biyu zan iya. Ki riƙe riga ki karɓi ɗari takwas, ko ki dawo da riga in ba ki kuɗinki duka. Akwai mutum goma bayan ke da ke da haƙƙi a kaina. In na ba ki fiye da naki, nasu na ɗiba. Zagin kuma zan wanke ki a gurup, a inda na ɓata ki."

"Wane ne ya yi? Faɗi sunan shi!"

"Gurup ɗina ne. Ni zan ɗauka."

Ta buɗe baki za ta sake farawa, sai dattijon ya ɗaga hannun hagu. Ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"Kar... ɓi."

Ta kalle shi. Ta goge masa gefen baki da tawul, da wani irin sannu da ban zaci tana da shi ba. Sannan ta karɓi ambulan ta cusa a ɗaurin zane.

"Ba zan gode maka ba," ta ce. "Kuɗi na ne."

"Haka ne, Anti."

A benci na tasha, ina jiran mota ta cika, na rubuta wa gurup. Na ce lambar Taslima ta ƙarya ce, wani nawa ne ya yi don ya ɗaga min farashi. Na ce rantsuwata ta Litinin ba daidai ba ce ko da ban sani ba, kuma Anti Abibata ta fi ni gaskiya. Na jera sunayen mutum goma, na tura wa kowa nasa kafin mota ta tashi. Na ce babu gwanjo wannan Asabar ɗin.

Daga nan har Bimbilla ina kallon waya. Wane ya fita. Wance ta fita. Layi bayan layi, kamar ana zare min zare daga riga. Wani ya rubuta, "Dama duk haka kuke." Wata ta ce ba ta yarda ban sani ba. Bidiyon tasha ya riga ni isa gurup. Mutum ɗaya, wani tela a Tamale, ya rubuta min a gefe cewa kuɗin ya shigo, Allah ya ba ni lada. Sai a kan wannan na yi kuka, na rufe fuska da hijabi, matar da ke kusa da ni ta miƙo min ruwan leda ba ta tambaye ni komai ba. Kafin mu shiga Yendi, saura mutum ɗari biyu da sittin.

Ban ambaci sunansa ba, amma akwai 'yan Bawku a gurup, kuma akwai wanda ya san lambar. Muna wucewa ta kasuwa ana kiran magariba saƙonsa ya shigo.

"Ɗan baffana ya kai wa Baba maganar. Ya ce a dakata da goro sai ya yi tunani. Na roƙe ki kwana goma sha ɗaya kacal, Munawara."

Munawara. Ba Muna ba. Na rubuta amsa na goge. Sai wani ya biyo baya.

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba, shi ya sa na bari kika ɗora min duka. Ni ban san ma yadda gwanjonki ke tafiya ba sai da aka zaunar da ni aka koya min. Ki tambayi Mma."

Na sauka daga mota ban karɓi canjina ba.

Gidan shiru, ba a kunna wutar tsakar gida ba, babu tukunya a murhu. Mma na ɗakinta zaune a ƙasa, ta yaye zanen da ke rufe da kayan, kwanukan silba na ƙyalli a bayanta har kusan rufi. Da alama labari ya iso ta. Idonta ya kumbura.

"Mma," na ce daga bakin ƙofa, "ke kika sa shi?"

Ba ta musa ba.

"Mutum nawa kika mayar wa?" ta ce.

"Goma sha ɗaya. Duka."

"Ba duka ba ne." Ta jawo wata babbar kula daga ƙasan jerin, ta buɗe murfin, ta sa hannu ta fito da waya. Ban taɓa ganin ta a gidan nan ba. Ta danna, ta yi haske, ga gurup ɗina a buɗe, ga ban haƙurin da na rubuta ɗazu a Salaga. Sai na tuna sau da yawa ranar Asabar bayan la'asar Mma kan ce kanta na ciwo ta shiga ɗaki ta kwanta.

"Shi wata huɗu ya yi," ta ce. "Ni tun bara nake tayi da wani suna. Rufe ƙofar ki zauna."